Tsara Wasiƙun Imel A Ofis: Yadda Ake Tace Tarkace Ba Tare Da Asarar Takardun Kuɗi Ba

Kafin na'ura mai ƙwaƙwalwa ta shiga ofisoshi, duk kamfanin da ya amsa sunansa yana da akawun rajista. Masinja yakan je gidan waya da safe ya buɗe akwati ya kwaso wasiƙu, akawu kuwa ya zauna ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya buga hatimin ranar da suka iso, sa'an nan ya rarraba su: ta banki a fayil ɗin banki, ta kwastan a nata, wadda ke bukatar idon maigida a aza masa bisa tebur, takardun talla kuwa a tura su gefe. A yau wasiƙun sun koma imel, akawun rajista ya ɓace daga yawancin ƙananan kamfanoni, amma aikinsa yana nan ba a yi ba. Shi ya sa ake samun ɗan kasuwa a Agege ko Sabo ta Ibadan da wasiƙu dubbai cikin wayarsa waɗanda bai taɓa buɗewa ba, alhali a tsakiyarsu akwai sanarwar isowar kwantenarsa tashar Apapa.

Manhajojin imel, irin su Outlook da Gmail da Thunderbird, suna da hanyar mayar da wannan akawu bakin aikinsa. Hanyar ita ce kafa ƙa'idojin tacewa, wato umarnin da mai akwati ke rubutawa sau ɗaya, manhaja kuma ta riƙa zartar da shi a kan kowace wasiƙa da ta shigo. Kowace ƙa'ida tana da sassa biyu, sharaɗi da hukunci. Sharaɗi shi ne abin da za a duba a jikin wasiƙar, kamar adireshin wanda ya aiko ta, ko wata kalma cikin takenta, ko kuwa tana ɗauke da wata takarda a maƙale. Hukunci shi ne abin da za a yi da ita idan sharaɗin ya cika: a kai ta wani fayil, a sa mata alama, a tura kwafinta ga wani ma'aikaci, ko a share ta.

Mafi yawan masu fara wannan aiki da korar tarkace suke farawa, domin shi ne ke ɓata musu rai. Lissafin riba da asara kuwa ya nuna cewa daga ɗaya ɓangaren ya kamata a fara.

Dalilin yawan tarkace

Wasiƙun da ba a nema ba, waɗanda ake kira sifam, sun kusa kai imel ɗin kansa shekaru. A 1971 ne Ray Tomlinson ya aika da saƙo tsakanin na'urori biyu yana amfani da alamar @, a watan Mayu na 1978 kuwa wani jami'in talla na kamfanin kwamfuta na DEC a Amurka, Gary Thuerk, ya aika da tallar sabbin na'urori ga mutane kusan 400 a lokaci guda, abin da ya jawo masa ƙorafi mai yawa. Abin da ya raya wannan sana'a har yau shi ne arahar aikawa. Mai aika wasiƙa ta gidan waya sai ya sayi ambulan da kan sarki na kowace guda, saboda haka dole ya yi tunani kafin ya rubuta wa wanda bai sani ba. Mai aika imel kuwa, kuɗin wasiƙa miliyan bai fi na wasiƙa ɗari da wani abin kirki ba. Idan mutum ɗaya cikin dubbai ya amsa, ya ci riba. Wahalar karantawa da zubarwa tana kan wanda aka aika wa.

Manyan kamfanonin imel sun ɗauki kaso mafi girma na wannan yaƙi. Tun daga 2002, lokacin da Paul Graham ya yayata hanyar tacewa ta ƙididdiga, matatan suna koyo daga abin da jama'a ke zubarwa, maimakon dogara ga jerin kalmomin da aka haramta. Daga baya aka ƙara matakan tabbatar da asalin wasiƙa, waɗanda aka sani da SPF da DKIM da DMARC, domin a gane ko wasiƙar ta fito da gaske daga gidan da take iƙirari. A watan Fabrairu na 2024 kuma Google da Yahoo suka tsananta sharuɗɗa a kan masu aika wasiƙu da yawa. A Gmail, wanda ke aika fiye da 5,000 a rana sai ya tabbatar da asalinsa, ya kuma ba mai karɓa hanyar janye sunansa cikin sauƙi.

Abin da wannan ke nufi ga ɗan kasuwa shi ne, ɓata lokaci ne ya zauna yana rubuta ƙa'ida a kan kowane adireshin da ya aiko masa da tallar magani ko albishirin cin caca. Masu aikawa suna canza adireshi kullum. Ya isa ya danna alamar da ke shaida wa manhajar cewa wasiƙar tarkace ce, domin matacin ya koya. Wasiƙun talla daga kamfanonin da ya taɓa hulɗa da su, ya janye sunansa ta hanyar da suka bayar. Waɗanda bai san su ba kuwa, kada ya danna komai cikinsu, domin dannawa na iya shaida wa mai aikawa cewa akwai mai karanta wannan akwati.

Kurakurai biyu da ba su yi daidai ba

Kowane mataci yana iya yin kuskure iri biyu. Yana iya barin tarkace ya shige cikin wasiƙun kirki, yana kuma iya jefa wasiƙar kirki cikin tarkace. Na farko yana cin daƙiƙa biyu ko uku na lokacin mai akwati. Na biyu yana iya cin ribar wata guda. A ɗauka wani mai shigo da kayan gyaran mota daga Guangzhou yana jiran sanarwar kamfanin jirgin ruwa, sai ta faɗa cikin fayil ɗin tarkace, bai gani ba sai bayan mako biyu. Kwanakin da aka ba shi kyauta sun ƙare, kuɗin jinkirin kwantena da na ajiya a tasha suna hauhawa kowace rana, kuma babu wanda zai saurari uzurin cewa kwamfuta ce ta ɓoye takardar. Haka lamarin yake ga gayyatar neman kwangila mai ranar rufewa, ko takardar hukumar haraji mai wa'adi. Gmail yana share abin da ke cikin fayil ɗin tarkace bayan kwana 30, saboda haka wasiƙar da ba a ceto cikin wannan lokaci ba ta tafi ke nan.

Tunda asarar kuskure na biyu ta ninka ta na farko sau da yawa, ƙa'idojin farko da za a kafa su ne na kare wasiƙun da ke da kuɗi a cikinsu. Ɗan kasuwa ya ɗauki takarda da alƙalami ya rubuta waɗanda wasiƙarsu ba ta jira: bankinsa, wakilin da ke fito masa da kaya daga tasha, kamfanin jirgin ruwa, masu sayar masa da kaya, manyan abokan cinikinsa, lauyansa, mai binciken asusunsa, da hukumomin gwamnati kamar Hukumar Kwastan da Hukumar Rajistar Kamfanoni. A ƙaramin kamfani da wuya jerin ya wuce sunaye ashirin. Kowane ɗaya a kafa masa ƙa'idar da ke cewa kada a taɓa kai wasiƙarsa cikin tarkace, a kuma ajiye ta a fayil ɗinta. Gmail yana da wannan zaɓi cikin matatansa, Outlook kuwa yana da jerin amintattun masu aikawa.

Wajen rubuta sharaɗin, abin da ya fi inganci shi ne ɓangaren adireshi da ke bayan alamar @, wato sunan gidan kamfanin, domin ma'aikata suna canzawa amma sunan gida yana nan. Sai dai wannan bai shafi masu amfani da adireshin kyauta ba. Wanda ya amince da duk abin da ya fito daga gmail.com ya buɗe ƙofa ga duniya baki ɗaya. Irin waɗannan sai a rubuta cikakken adireshinsu harafi da harafi. Lambobi ma suna da amfani ƙwarai. Lambar Fom M, ko ta takardar lodin jirgi, ko ta kwantena, ba ta maimaituwa, saboda haka ƙa'idar da aka gina a kanta takan tattara duk wasiƙun kaya guda wuri ɗaya, ko daga banki suka fito ko daga wakili. Kalmomi na gama-gari kuwa suna da haɗari. Wanda ya umarci manhaja ta zubar da duk wasiƙar da ta ambaci kyauta ko rangwame, wata rana za ta zubar da tayin rangwame na gaskiya daga mai sayar masa da kaya.

Game da yawan fayiloli, shida ko bakwai sun ishi yawancin 'yan kasuwa: banki, kwastan da tasha, masu sayarwa, masu saye, hukumomi, ma'aikata, sai na labarai da talla. Wanda ya buɗe arba'in ya sake ƙirƙiro ruɗanin da ya gudu daga gare shi. Akwai kuma wani lahani da ba a cika lura da shi ba: wasiƙar da aka ɗauke daga babban akwati zuwa wani fayil, wayar hannu ba lallai ta sanar da isowarta ba. Don haka abin da ke bukatar amsa a ranar a bar shi a babban akwati, a sa masa alama ko launi kawai. Abin da ya dace a kawar daga ido shi ne wanda za a iya karantawa da yamma, kamar sanarwar shiga da fitar kuɗi, rasiɗai, da jaridun kasuwa.

Manhajojin sun bambanta a wasu wurare da ya kamata a sani. Outlook yana bin ƙa'idoji daga sama zuwa ƙasa, kuma ana iya umartarsa ya tsaya da zarar ɗaya ta yi aiki. Saboda haka ƙa'idojin kariya su kasance a sama, na kawarwa a ƙasa. Gmail yana amfani da laƙabi maimakon fayil, wasiƙa ɗaya tana iya ɗaukar laƙabi biyu ko uku, kuma ana kafa matatansa ne ta burauza a kwamfuta. Har ila yau, wasu ƙa'idoji suna zaune ne a babbar na'urar kamfanin imel, suna aiki dare da rana, wasu kuwa, kamar na Thunderbird, suna cikin kwamfutar ofis, ba sa aiki sai tana kunne kuma manhajar tana buɗe. A ƙasar da ake ɗauke wuta ba sanarwa, kuma maigida yana karanta wasiƙunsa a waya yana kan hanyar Onitsha, nau'in farko ya fi dacewa.

Hukunci ɗaya ne ya kamata a guje masa gaba ɗaya, shi ne sharewa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta ajiye bayanan asusu na tsawon shekara shida, Dokar Shaida ta 2011 kuwa, a sashe na 84, ta ba da damar gabatar da bayanan na'ura gaban kotu idan an cika sharuɗɗa. Wasiƙar da a yau take kamar ba ta da amfani, gobe ita ce hujjar farashin da aka amince a kai. A kai abin da ba a so wani fayil, a riƙa leƙa shi tare da na tarkace sau ɗaya a mako. Minti biyar ya isa.

Wasiƙar da mataci ba ya kamawa

Duk wannan tsari ba ya maganin wasiƙa mafi haɗari, domin ita ba ta kama da tarkace ko kaɗan. An san tsohon salon zamba da ya ɗauki suna daga sashe na 419 na dokar manyan laifuffuka, inda baƙo ke alkawarin dukiyar gado. Matatan yau suna kama irin wannan cikin sauƙi. Sabon salon ya fi wayo. Wasiƙa ce guda, an rubuta ta ga mutum guda, da sunan wanda ya saba hulɗa da shi, tana ambaton kayan da ake ciniki a kansu da ainihin adadin kuɗin, sa'an nan a ƙarshe ta ce asusun kamfanin yana ƙarƙashin bincike, a tura kuɗin zuwa wannan sabon asusu. Hukumar FBI ta Amurka ta ba da rahoton cewa ƙorafe-ƙorafen da ta samu a kan wannan nau'in zamba a 2023 sun kai asarar kimanin dala biliyan 2.9.

Wani lokaci adireshin na jabu ne, an canza harafi ɗaya. Haruffan r da n idan sun haɗu suna kama da m, ƙaramin harafin l yana kama da lamba 1, kuma a fuskar waya sau da yawa sunan mai aikawa kaɗai ake gani, adireshin yana ɓoye. A nan ƙa'idojin kariya suna ba da wata fa'ida ta gefe. Idan an saba ganin wasiƙun wani mai sayarwa da laƙabinsu ko launinsu, ranar da wata ta zo da sunansa ba tare da alamar ba, to adireshin ba nasa ba ne. Amma wani lokaci adireshin na gaskiya ne, ɓarawo ne ya sace kalmar sirri ya shiga akwatin. A wannan hali ƙa'idar amincewa za ta karɓi wasiƙar hannu bibbiyu ta kai ta fayil mafi daraja.

Shari'ar Obinwanne Okeke ta nuna yadda abin ke gudana. A watan Afrilu na 2018 babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac da ke Birtaniya, mai sayar da manyan injunan Caterpillar, ya samu wasiƙa da ta kai shi wani shafi mai kama da na shiga Microsoft, ya rubuta kalmar sirrinsa a ciki. Bisa bayanin da FBI ta gabatar wa kotu, wanda ya kutsa akwatin ya riƙa aika umarnin biyan kuɗi da takardun jabu da sunan jami'in zuwa sashen kuɗi na kamfanin. Abin lura shi ne, ya kafa ƙa'idojin tacewa cikin akwatin, waɗanda ke tare wasiƙun ma'aikatan sashen, su nuna kamar an karanta su, su kuma kai su wani fayil da mai akwatin ba ya dubawa. Da haka tambayoyin da za su tona asiri ba su isa idonsa ba. Cikin 'yan kwanaki aka fitar da kusan dala miliyan 11. An kama Okeke a Amurka a watan Agusta na 2019, ya amsa laifin haɗin baki wajen zamba, wata kotu a jihar Bajiniya ta yanke masa ɗaurin shekara 10 a watan Fabrairu na 2021.

Kayan aikin da ke tsara ofis shi ne ya zama makamin ɓarawo, kuma kamfani ne mai cikakken sashen kuɗi, balle ɗan kasuwar da kalmar sirrinsa ke hannun yaran shago uku. Saboda haka jerin ƙa'idojin akwati abu ne da ake bincika kamar littafin kuɗi. Sau ɗaya a wata mai akwati ya buɗe shi ya karanta. Duk ƙa'idar da bai tuna kafa ta ba, musamman mai tura kwafin wasiƙu zuwa wani adireshi na waje, ko mai sharewa, ko wadda sunanta ɗigo ne kawai ko harafi ɗaya, alama ce cewa wani ya shiga. Canza kalmar sirri kaɗai bai isa ba, domin ƙa'idar tana ci gaba da aiki bayan an canza. Sai an cire ta, an fitar da duk na'urorin da ke haɗe da akwatin, an kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu, inda shiga ke bukatar lambar da ke zuwa wayar mai akwati. Ma'aikacin da ya bar aiki, a binciki akwatinsa a ranar. Wannan ma hujja ce ta taƙaita yawan ƙa'idoji: baƙuwa tana fitowa fili cikin goma sha biyar, amma cikin ɗari sai ta ɓace.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ta cancanci wuri a saman jerin kowane mai biyan kuɗi zuwa waje. Duk wasiƙar da ta ambaci SWIFT ko IBAN, ko kalmomin da ke nufin sabon asusu da canjin banki a harshen da ake cinikin, a sa mata jan launi, a kuma tura kwafinta ga mutum na biyu cikin kamfanin. Manhaja ba za ta iya sanin ko maganar gaskiya ce ba, iyakarta ta ja hankali. Tabbatarwa aikin mutum ne: a kira mai sayarwa ta lambar wayar da ake da ita tun da, ba wadda ke ƙasan sabuwar wasiƙar ba, a ji daga bakinsa. Amsa wasiƙar da tambaya ba tabbatarwa ba ce, domin mai yiwuwa ɓarawon ne zai amsa. Gaggawar da wasiƙar ke nunawa, cewa a biya yau ko kaya su wuce, ita kanta dalili ce ta dakatawa.

Idan kuma an riga an tura kuɗin kafin a farga, awoyin farko su ne masu muhimmanci, domin 'yan zamba sukan rarraba kuɗi zuwa wasu asusai cikin hanzari. A je banki nan take, a nemi ya tuntuɓi bankin da ya karɓa domin a dakatar da kuɗin, a kai rahoto ga Hukumar EFCC ko cibiyar yaƙi da laifuffukan intanet ta rundunar 'yan sanda, waɗanda ke aiki da Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015. Kada a share wasiƙar jabun don haushi ko kunya. A bar ta yadda ta zo, domin bayanan da ke ɓoye a kanta suna nuna hanyar da ta biyo, kuma a ɗauki hoton duk wata baƙuwar ƙa'ida kafin a cire ta, tunda adireshin da take tura wa wasiƙu na cikin abubuwan da masu bincike za su nema.